Inna Ba Ta Dafa Motar Ba

"Inna, dakata, man bai bushe ba."

Jiya a Ƙofar Sauri na ga wani yana goge sabuwar motarsa, sai wannan maganar ta yayana Sani ta faɗo mini.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ya sayo Fijo fara sol. Ya zaɓo man folish mai kyau, ya kai ta inuwar bishiyar bedi yana shafa mata kamar mai lallaɓa jinjiri. Sai ga mahaifiyarmu ta fito za ta dafa motar ta sa albarka, yadda take yi wa duk sabon abin da ya shigo gidan.

Ya tare hannunta. Ta yi murmushi ta ce, "To, in ya bushe ka kira ni."

Hidima ta ɗauke shi, yau Kano gobe Kaduna, har Inna ta kwanta ciwon ajali.

Fentin ya yi shekaru yana ƙyalli. Ranar da zai sayar da motar ya ce mini, "Da na ƙyale ta, da ko shatin yatsunta na samu."

Ku fa, wa ke jiran kiranku har yanzu?