Gyaran da Na Rubuta wa Yagana a Yola

Litinin: Kano zuwa Jimeta

Ƙarfe biyar da kwata na asuba bas ɗinmu ta bar tasha a Kano. Ina gidan gaba, jaka a cinya, a cikinta akwai kundin digiri na biyu da wata jami'a a Adamawa ta gayyace ni in yi wa alƙalanci. Ɗalibar, Yagana, wasan bidiyo ta ƙirƙira, ta rubuta kundin a kansa. An zaɓo ni ne don na yi shekaru ina rubuta maƙalu cewa wasannin nan suna busar da zuciyar matasa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ko guda ɗaya ban taɓa bugawa ba.

Sha biyu saura muka shiga Gombe, na ci shinkafa da wake a tsaye, na canja mota. Daga Kaltungo zuwa Numan shingaye suka yi ta cin lokacinmu. A ɗaya daga ciki soja ya ɗaga kundin ya tambayi direba mene ne.

"Malamin makaranta ne, oga. Ya zo duba gem."

Sojan ya dube ni da furfurata, ya miƙo min abina.

Shida da rabi muka sauka Jimeta, zafi kamar an buɗe murhu. Dakta Rahila, wadda ta duba aikin Yagana tun farko, ta kai ni masauki a unguwar Gwadabawa, ta ajiye min kwamfuta a tebur.

"Malam, don Allah ka buga kafin ka yanke hukunci. Sauran alƙalan ba su buga ba."

Talata: a masauki

Bayan karin kumallo na buɗe kwamfutar, ina shirin ganin bindigogi da jini in samu abin rubutawa. Babu bindiga ko ɗaya. Wani gari ne a kudancin Borno, da safe, kana matsayin wata yarinya, tare da mahaifiyarka mai ciwon ƙafa da ƙanwarka ƙarama. Sai ƙarar harbi daga nesa. Hanya uku ce ta fita garin: titi, dutse, kogi.

Na bi titi, aka tare mu, na rasa ƙanwar. Na bi dutse, uwar ta kasa hawa. Na bi kogi, ruwa ya kai ƙirji, hannu biyu ba sa ɗaukar mutum biyu, na goya ƙanwar na haye, na waiwayo uwar tana zaune a gaɓa tana yi min hannu in tafi. Har azahar ina sakewa, ni da na zo kama laifi. Ko sau ɗaya ban fitar da mu ukun ba. A kundin ta rubuta cewa babu lungu ko bishiya a wasan da ta ƙaga, duk sai da ta bi mutanen garinsu da ke zaune Jimeta da Girei suka tabbatar mata.

Laraba: ranar kare kundi

Goma daidai muka zauna. Shugaban zaman, Farfesa Bobbo, ya tarbe ni da "Jabbama, Malam," sannan ya shiga magana ba sassauci. A ganinsa fasaha ita ce mai zane ya gama aikinsa, kai ka tsaya ka kalla da ladabi. Wasa kuwa don a ci ake yinsa. Wanda ya mai da gudun hijira abin latsawa da yatsa, in ji shi, yana koya wa yara cewa bala'in mutane abin nishaɗi ne.

Dakta Rahila ta ce a fim kallo kake yi ana barin tsohuwa a gaɓa, a nan kuwa kai ne ka bar ta, kuma ba ta san wata fasaha da ke iya sa mutum nadamar abin da bai aikata ba sai wannan.

"To wasan da ba a ci, wasa ne?" in ji Farfesa. "Yarinyan nan yana da taurin kai. Na gaya mishi tun bara."

Awa biyu ana abu ɗaya, Yagana na tsaye da hannu a baya kamar mai jiran hukuncin kotu. Na ga digirinta na shirin salwanta tsakanin manya biyu, sai dabara ta zo min, har ina jin daɗin kaina. Na ce a ba ta nasara bisa sharaɗin gyara guda: ta ƙara hanya ta huɗu, wadda mai wasa zai fitar da su ukun lafiya. Farfesa ya samu wasan da ake ci, Dakta Rahila ta samu ɗalibarta ta wuce. Kowa ya sa hannu, aka kawo lemo.

A baranda Yagana ta same ni, ta rusuna.

"Malam, na gode. Amma yarinyar cikin wasan ni ce. Kogi na bi."

Na ce Allah ya jiƙan mahaifiyarta.

"Shekarun nan duka abin da ke sa ni barci shi ne babu wata hanya. In akwai ta huɗu, Malam, to ni ce ban gan ta ba ranar."

Na koma ofis da sauri in janye sharaɗin. Farfesa ya ce takarda ta riga ta wuce sama, kuma ai ni na kawo shawarar.

Alhamis: komawa gida

Biyar da rabi muka bar Jimeta. A gadar Numan na kasa duban ruwa. Direba ya yi ta jana da hira, ina amsa masa da "haka ne" har Gombe. Ana kiran magariba na shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Dakta Rahila da ɗawainiyarta, da direbobin da ban ko tambayi sunansu ba.

Na so a ce nan labarin ya ƙare. Wata biyu bayan haka gyaran ya iso, da gajeren saƙo daga Yagana. Ta ce ba ta iya ƙaga hanya ba, don ba ta sa ƙarya a taswirar garinsu, sai ta koma wajen tsofaffinsu a Girei tana tambaya. Wani tsoho ya ce akwai wata 'yar hanya bayan injin niƙa, ta cikin gonakin dawa, shimfiɗaɗɗiya, ko mai ciwon ƙafa zai iya binta. Ta nan ya fitar da iyalinsa duka. Daga ƙofar gidansu Yagana zuwa injin, ta ce, bai kai tafiyar minti biyar ba.

Na buɗe wasan, na bi bayan injin, muka fita mu uku. An ba ta digirinta.