Labaran Mai Fenti da Ɗiyarsa Nagode

Labaran bai yi nisa a karatu ba. Ya yi allo har ya iya haɗa baƙi, ya ɗan leƙa firamare a Maradun, sannan mahaifinsa ya mayar da shi gona. Amma yana da hannu. Tun yana yaro, in ya sami gawayi da bango sai an kore shi. Da ya girma, direbobin da ke ɗaukar albasa zuwa kudu suka riƙa kawo masa motocinsu yana zana musu zaki ko ɗawisu a bayan bodi. Da damina manomi ne, da rani mai fenti.

Ya auri Hindu, 'yar ƙauyensu da ke bakin gulbi. Suka yi ta haihuwa 'ya'yan ba sa zama, da aka sami wadda ta zauna sai kakarta ta sa mata Nagode.

Nagode ta yi tafiya da wuri, magana ce ba ta zo ba. In an kira ta ba ta waiwayowa, har aka zaci kurma ce, amma da injin niƙa ya tashi a can ƙarshen gari sai ta toshe kunnuwa ta yi ta ihu. Ba ta kallon mutum a ido, ba ta shiga wasan yara. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sangarta. Yau likitoci na kiran irin wannan galahanga, amma a lokacin ba wanda ya taɓa jin sunan a ƙauyen.

Tana da kamar shekara shida aikin dam ɗin Bakolori ya kankama, aka zo aka ce ruwa zai cinye ƙauyen, kowa ya shirya tashi. Mutane na maganar gonaki da kaburburan iyayensu. Labaran ma yana yi, amma a gida wata damuwar ce daban.

"Malam," in ji Hindu, "wagga ɗiya ko tabarmarta anka canza ba ta kwana. Ƙaƙa za mu yi da ita ran tashi?"

"Bari mu gani," ya ce.

Ya daɗe da lura cewa in yana zane Nagode takan zauna nesa kaɗan, ta zuba wa hoton ido har ya gama. Sai ya je wajen leburorin dam ya roƙi buhunan siminti da aka juye. Ya ɓare takardar ciki mai tsabta, ya yayyanka, Hindu ta ɗinke gefe da zare. A shafin farko ya zana gidansu da rumbu da Nagode cikin shuɗin zanenta. Sai mota a ƙofar gida, sai Nagode a cikin motar riƙe da kwanonta, sai hanya. Don shafin ƙarshe har Talata Mafara ya je, gidan wansa Nasidi inda za su sauka, ya zauna ya zana shi. A ƙasan kowane hoto ya rubuta magana ɗaya gajera.

Ranar da ya fara nuna mata, ta yaga shafi ta jefar. Ya sake zanawa. Kullum bayan la'asar ya zauna kusa da ita ya buɗe, ya karanta, ko ta duba ko ba ta duba ba. A hankali ta fara juya shafin da kanta, kuma ba ta yarda a tsallake ko ɗaya.

Ran tashi littafin bai hana ta kuka ba. Da direba ya tayar da mota ta yi ihu, ta ciji hannun uwarta. Labaran ya buɗe mata shafin motar ya ɗora a cinyarta. Sun yi nisa kafin ta yi shiru. Da suka isa Mafara ta sauka, ta dubi littafin, ta dubi gidan, sai ta ja ta tsaya. An yi lallashi, ta ƙi shiga. Nasidi ya ce a ɗauke ta kawai. Labaran ya karɓi littafin ya duba, sai ya ga inda ya yi kuskure: ƙofar da ya zana kore ce, don koren fenti ne ya rage masa, ta gidan kuwa tsurar langa-langa ce.

"Yaya, ka yi haƙuri, zan taɓa ƙoharka," ya ce.

Kaya na zube a waje, maƙwabta na kallo, ya kwance gwangwaninsa ya shafe ƙofar da kore. Fentin bai bushe ba Nagode ta shige.

Daga nan littattafai suka yi ta zuwa: na ranar kasuwa, na kitso, na allura a asibiti, na haihuwar ƙanenta Ɗanlami. Maganarta ta fari daga cikinsu ta fito. In taro ya ishe ta sai ta ce, "Nagode ta gaji, Nagode za ta gida," daidai yadda aka rubuta.

Wata rana Malam Zubairu, wani malamin firamare a Bakura, ya kawo allon makarantarsu a sake masa rubutu, ya ga Nagode da littafi. Ya ce akwai yaro irinta a ajinsa, Buba, yara sun sa shi gaba da tsokana. Ya nemi aro.

"Nata ba su aruwa, Malam, ta san kowane," in ji Labaran. "Amma gaya mini mi yaron ka so da mi ba shi so."

Wannan karon ga sauran yara ya yi littafin. Ya zana yaro mai gudun hayaniya, mai son kallon ruwa a kanal ɗin ban ruwa, wanda in bai amsa gaisuwa ba, ba girman kai ba ne. Malam Zubairu ya karanta wa aji. Wasu yaran suka daina tsokanar, wasu ba su daina ba. Malamin ya aika littafin ga wani da ya sani a Sakkwato ko za a buga, ba a sake jin labarinsa ba, Labaran kuma bai tambaya ba.

Daga baya Labaran ya sami fili a gonakin ban ruwa, ya koma shinkafa da albasa. Idonsa ya yi rauni, ya bar fenti. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, ana tsakiyar yankan shinkafa. Hindu ta zaunar da Nagode, wadda a lokacin ta zama cikakkiyar mace, ta gaya mata da baki. Ta saurara, ta maimaita maganar, ta tashi ta ba awakinta dusa. Ta ɗauki makonni tana sake tambaya, ana sake ba ta amsa.

Gara ta ci yawancin littattafan a wata damina. Nagode na zaune a gidan Ɗanlami, ita ke kula da dabbobin gidan, kuma 'ya'yansa sun san ba a kunna rediyo da ƙarfi kusa da ɗakin Gwaggo.