Mutumin da Na Tura Cikin Rijiya

Shekarar da damina ta sake yaudararmu, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, ina da shekara ashirin da ƴan kai. Na gama lakkwal a Tasawa, ina jin faransanci, amma babu aiki. Soji ke riƙe da ƙasa a lokacin, kumandan da ke mulkin yankinmu ma mai kaki ne, kuma duk saurayin da ya yi boko burinsa guda: wani babba ya lura da shi ya ba shi kujera a biro. A gidanmu kuwa dussa ake gaurayawa da jar dawar taimako, mahaifiyata na jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita.

Sai na ji masu mishan na Katolika suna gina rijiyoyi a ƙauyukan arewacin Mayahi, suna neman mai jin faransanci da Hausa ya tsaya kan ma'aikata. Da na gaya wa mahaifina ya ce in tafi, in dai ba za a hana ni salla ba. Ba wanda ya hana ni. Aka kai ni wani ƙauye kan hanyar Attantane, aka ce ni ne shef, mutum goma sha biyu a hannuna.

Sama da ni akwai babban magini, Kirista, mutumin can kudu bakin teku, gajere mai furfura. Ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta nuna. Kowa Baba yake ce mashi. Yana da dokoki da ba ya sassautawa. Kafin mutum ya sauka rijiya sai an zura fitila mai wuta har ƙasa; in ta mutu, iskar ciki ta ɓaci, ba mai sauka sai an yi ta jan ganye sama da ƙasa har iska ta sauya. Da rana ta take tsaka kowa zai fito, ba a komawa sai bayan azahar da sanyin rana. Juma'a ana tashi da hantsi, Lahadi ba aiki. Hatsin da ake ba ma'aikata kuwa da hannu biyu yake miƙa wa kowa, yana kiran mutum yana mashi sannu da aiki. Wata rana na ce da mutane su zo su karɓi taimako, Baba ya juyo da sauri.

"Ba taimako ba ne. Guminsu ne. Kada ka ƙara faɗa."

Ni duk wannan ɓata lokaci nake ganinsa. Wata azahar muna zaune a gindin aduwa na tambaye shi.

"Baba, mutane na shan ruwan laka, mu muna kwance a inuwa. Ba gara a gama da wuri ba?"

Ya ce, "Ɗana, a cocinmu ana koya mana cewa mai haƙa ya fi rijiyar daraja. Almasihu kansa da hannunsa ya ci abinci, a wurin sassaƙa ya tashi. Saboda haka in ka ɗauki mutum aiki, hutunsa da lafiyarsa da ladansa haƙƙinsa ne, ba alherinka ba ne. Yunwa ta sa zai yarda da komai. Wannan yardar ba yarda ba ce."

Na ce mu ma addininmu ya hana danne haƙƙin ma'aikaci. Ya ce to madalla, ashe ba mu da abin gardama. Na yi dariya, na manta da maganar.

A mako na uku wani makiyayi ya zo, dogo, rawaninsa ya koɗe, amawali ya rufe mashi baki. Daga arewa ya gangaro da matarsa da akuya guda, sauran dabbobinsa duk sun mutu a hanya. Mutanen ƙauye sun ce an yi ta kiransa ya shiga layin rabon dawa ya ƙi. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama, ya ce aiki yake so. Na dubi hannuwansa, na san bai taɓa riƙe diga ba, na ce wuri ya cika. Baba ya ce a ɗauke shi. Ba shi da sauri, gaskiya, amma bai taɓa sakin igiya ba, bai kuma taɓa zama alhali wani na tsaye yana ja ba.

Zurfin rijiya ya wuce gaba ashirin, yashi ya fara laima, sai ga gardi, dogarin kumandan, bisa doki da saƙo: kumandan zai zo ranar Alhamis ya ga ruwa. A daidai makon nan Baba ya tafi Tasawa neman sumunti, mato ta lalace mashi a can. Aiki ya rage a hannuna ni kaɗai. Na riƙa hango kaina tsaye bakin rijiya da farar riga, ina yi wa kumandan bayani da faransanci, shi kuma yana tambayar sunana.

Ranar Talata da rana ta take, mutane suka fara ajiye kaya. Na ce yau babu hutu. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Shef, Baba ya hana fa."

Na ce, "Baba ba ya nan. Wanda ya gaji ya tafi gida. Akwai mutane cike da gari da ke roƙon wurinsa."

Suka sake ɗaukar kayan aiki. Kowannensu akwai bakuna da ke jiransa a gida, na san haka, da shi kuma na kama su. Na duba wanda zan tura. Ƴan ƙauyen suna da dangi, suna da mai gari, in sun ƙi ba yadda zan yi da su. Makiyayin baƙo ne, ba shi da kowa. Ya riga ya yi nasa zagayen da safe. Na nuna shi da hannu, ko kiransa ban yi ba. Dattijon nan ya ɗauko fitila, na ce ya ajiye, an gwada da safe, ya isa.

Makiyayin ya dube ni, ya gyara ɗamara, ya zauna a madaukin igiya aka zura shi.

Guga uku suka fito cike da yashi. Na huɗu bai motsa ba. Aka kira, shiru. Aka girgiza igiya, shiru. Ni da nake ta ba da umarni sai na tsaya kamar an dasa ni. Dattijon ne ya jiƙa tsumma ya ɗaure hanci, ya ce a zura shi maza. Ya ɗaure makiyayin ya yi ihu a ja. Cikin gaggawar ja hannun makiyayin na dama ya shiga tsakanin igiya da bakin zoben sumunti. Da aka fito da shi kamar gawa, yatsu biyu sun murƙushe. Aka yi ta zuba mashi ruwa ana mashi fifita da riguna. Da ya farfaɗo, abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga hannun hagu ya jawo amawalinsa ya rufe baki, don kada mu gan shi a buɗe.

A amalanken jaki muka kai shi likita a Mayahi. Aka yanke yatsun.

Baba ya dawo ranar Laraba da yamma. Ya tambaye ni yadda aka yi, na ce mutumin ne ya matsa zai ƙara sauka, na hana ya ƙi ji. Ƙaryar ta fito mani a sauƙaƙe har na ji tsoron kaina. Baba ya hau keke ya tafi likita. Daga baya na ji cewa da ya tambayi makiyayin, amsar da ya bayar kawai ita ce Allah ne ya kawo. Ma'aikata ma ba wanda ya kai ƙarata. Amma Baba ya shekara talatin yana gina rijiya, ya kuma san mutumin ba ya musu da kowa.

Washegari da safe ya kira ni gefe.

"Ba zan kore ka ba. Kai ma ma'aikaci ne, akwai masu jiran hatsinka. Amma mutum ba zai tsaya kan aikin da bai san ɗanɗanonsa ba. Cire rigar."

Aka gwada fitila, aka zura ni. Ban taɓa sauka ba sai ranar. Sama ta koma kamar faifai, zafi ya rufe ni, numfashina na dawo mani a fuska. Duk sarar da na kai da diga sai yashi ya zubo mani a wuya. Kafin in cika guga biyu ƙirjina na suka, ina kallon igiyar nan ina tunanin ashe raina gaba ɗaya yana hannun mutanen da na yi wa barazana shekaranjiya. Da suka jawo ni, dattijon ya miƙo mani ruwa a ƙwarya ya ce sannu shef, ba tare da ba'a ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Kumandan bai zo ranar ba. Bayan kwana tara ya iso, ruwa ya riga ya fito. Ya leƙa, ya yi wa mai gari magana kaɗan, ya koma mato. Ko inda nake bai duba ba.

Baba ya je wurin fada, limamin cocinsu, ya tsaya kan cewa rabon makiyayin ba zai tsaya ba, tunda a bakin aiki ya ji ciwo. Fada ya yarda. Amma da aka kai hatsin bukkarsa, mutumin ya mayar, ya ce ba ya cin abin da bai yi aikinsa ba. Baba ya yi tunani, ya ce to akwai aiki. Makiyayi ya san igiya fiye da kowa, rayuwarsa duk a bakin rijiyoyin shayar da dabbobi ya yi ta. Aka ba shi duban igiyoyi da ɗaure duk mai sauka. Ya karɓa.

Muka koma ƙauye na gaba da shi. Tunda yanzu ni ma ina cikin masu sauka, kowace safiya sai ya bi igiyata taƙi bayan taƙi da hannun hagu, in ya ga inda ta fara cinyewa ya sa a sauya. Sannan ya zagayo ya ɗaura mani ita a ƙugu, yana taimaka wa yatsu ukun da suka rage da haƙoransa. Yakan ja ƙullin sau biyu ya ce, "Bismilla, shef." Wata huɗu muna haka. Bai taɓa ɗaura mani da sakaci ba, bai kuma taɓa tada maganar ba.

Sau ɗaya na yi niyya sosai. Wata Lahadi na sayi ganyen shayi da sukari na tafi bukkarsa don in nemi gafara. Ya shimfiɗa mani tabarma, ya hura gawayi, matarsa ta gaishe ni daga ciki. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko akuyar ta kusa haihuwa. Muka sha shayi har kofi na uku muna zancen awaki da alamun damina. Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya. Na ce a raina sai wani makon.

Ruwan farko ya sauka a cikin makon nan. Ranar Asabar ya je ya yi wa Baba ban kwana, ya ce zai bi ciyawa arewa ko zai tarar da wasu daga danginsa. Ni an aike ni Mayahi a ranar. Da na dawo, bukkar babu kowa, sai duwatsun murhu.

Bayan shekara biyu na sami aikin biro da nake nema, na yi shi har na yi ritaya. Duk sanda hanya ta bi da ni kasuwar Attantane sai na zaga wajen masu dabbobi ina duban hannuwan dogayen mutane masu rawani. Na tambayi dillalai, na tambayi masu shayi. Wani ya ce ya taɓa ganin mai irin wannan hannu yana shayar da raƙuma can wajen El Allassane Mairairai, amma ya daɗe, bai kuma san inda ya nufa ba.