Billen da Ban Goge Ba

Mahaifina wanzami ne a ƙasar Roni, kakana ma haka. Ranar suna, da zarar liman ya shafa fatiha, shi ake jira. Zai shimfiɗa buzunsa a zaure, ya buɗe zabira, ya aske jariri, idan kuma gidan masu zane ne ya yi wa yaron zanen gidansu. Ban taɓa ganin hannunsa ya yi rawa ba. Ni ma shi ya yi mini nawa, tsaga uku-uku a gefen baki, kamar yadda aka yi masa.

Karatun boko ne ya raba ni da zabira. A zamaninmu malami yakan duba farcenka da wuyan rigarka kafin ya duba littafinka, kuma tun daga nan na koyi cewa aikin da ba shi da tsabta ba aiki ba ne. Na zama likita, aka tura ni Ingila na koyi tiyatar gyaran fuska. A can ne, saboda yawan kallo da tambayar marasa lafiya, na roƙi wani malamina ya goge mini tsagar bakina. Ya yi, kuma ya yi da kyau. Da na dawo gida na durƙusa gaban mahaifina, ya daɗe yana duban fuskata, sa'an nan ya ce, “Wanda ya yi wannan ya iya aska.” Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba har Allah ya karɓi ransa.

Na yi shekara talatin da wani abu ina wannan aiki a babban asibiti a birni. Na haɗa leɓen jariran da aka haifa a tsage, na saki wuyan matan da ƙuna ta manne musu haɓa da ƙirji, na gina hanci ga wanda ciwo ya cinye masa. Akwai kuma samari da 'yan mata masu zuwa a goge musu zanen fuskar da suka gada, wasu don neman aiki, wasu don tsokanar abokai ta ishe su. Ban taɓa tambayar kowa dalili sau biyu ba. A wurina zane tabo ne kamar kowane tabo. Abin da nake alfahari da shi, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne ɗinkina ba ya ganuwa. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa likitan da aka gane inda wuƙarsa ta bi bai gama koyo ba.

Da na yi ritaya na dawo Kazaure na zauna. Likitocin wani asibiti da ke yankinmu, waɗanda biyu daga cikinsu ɗalibaina ne, sukan aiko mini mota idan aikin fuska ya zo musu. Haka muka yi 'yan shekaru. Sannu a hankali na lura cewa bayan awa biyu a tsaye yatsuna sukan gaji, siririn zare kuma sai na matso da fitila kafin in gan shi. Ban jira wani ya gaya mini ba. Na sanar da su cewa aiki ɗaya ya rage mini, daga shi na ajiye wuƙa.

Wanda aikin ya faɗo a kansa dillalin shanu ne daga Babura, mutum mai kimanin shekara hamsin, dogo, mai sanyin magana. Bijimi ne ya soke shi a kara, wato kasuwar shanu, ƙahon ya yage masa ƙarƙashin idon hagu. An ɗinke shi a gaggauce a lokacin, raunin ya warke, amma tabon ya tsuke ya janyo fatar idon ƙasa. Idon ba ya rufuwa, kullum ja, kullum hawaye. Idan aka bar shi haka, a ƙarshe idon zai tafi. Ƙasa da tabon kaɗan kuwa yana da bille, wato tsaga guda ɗaya da ta gangaro daga gefen hanci zuwa kunci, a wannan ɓangaren kaɗai.

Hanya biyu ce a gabana. Ta farko, in yanke tabon, in zagayo da fatar kuncinsa sama ta cike gurbin. Launi ɗaya ne, laushi ɗaya, ɗinkin kuma zai ɓuya a gindin hanci da gaban kunne. A wannan hanya billen zai shiga cikin abin da za a yanke a zubar. Ta biyu, in ɗebo 'yar fata daga bayan kunnensa in dasa a ƙarƙashin idon. Idon zai rufu, amma facin zai fito fili har abada, kamar an yi wa farar riga maho da wani yadi. Ban ko tsaya auna su ba. Aikina na ƙarshe ne, ɗalibaina za su tsaya a kaina suna kallo, na kuma so su tafi da abin da za su riƙa ba da labari. Na yi wa dillalin bayani, na ce har billen ma zan raba shi da shi kyauta. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yadda ka gani, ranka ya daɗe.” Na ɗauki wannan a matsayin yarda.

Da safiyar ranar aikin na zana layukan da zan bi a kuncinsa da shuɗin alƙalami, na tafi wanke hannu. Ina tsaye a bakin famfo sai ga babbar nas ɗin ɗakin tiyata. 'Yar Filato ce, Kirista, ta fi shekara ashirin a Kazaure, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Sista muke ce mata, kuma ita kaɗai ce a asibitin ba ta shakkar gaya mini magana.

Ta ce, “Baba likita, a dakata da sabulun nan tukuna.”

Na ce, “Sista, tun kafin ki shiga firamare nake wanke hannu, ba a taɓa tsayar da ni ba.”

“To, yau an fara. Matar mutumin nan tana baranda tana kuka. Ta ga zanen da ka yi masa, ta tambaye ni ko billen zai tafi, na ce zai tafi.”

“Ai na gaya masa, ya amince.”

Ta ce, “Ya amince, ko dai ya ji nauyin furfurarka? Kai ma ka san mutanenka. Je ka tambaye shi zancen tsohuwarsa.”

Raina ya ɓaci, ba zan musa ba. Duk da haka na goge hannu na koma. Dillalin yana kwance a kan gadon da ake tura marasa lafiya, an lulluɓe shi da koren zane. Na ce, “Malam, mene ne labarin mahaifiyarka?”

Ya juyo ya dube ni da idon nan mai hawaye. Sa'an nan ya gaya mini. Mahaifiyarsa ta tsufa ƙwarai. Idonta ya tafi tun da daɗewa, kunne ya bi baya, a 'yan shekarun nan kuma hankalinta ya fara gushewa, har ta ɗauka cewa mutanen gidan baƙi ne masu son sa mata wani abu a abinci. Ba ta karɓar ko ludayi ɗaya daga hannun kowa sai nasa. Shi ɗin ma sai ta ɗaga hannu ta lalubi kuncinsa na hagu, ta bi billen da yatsa daga sama har ƙasa, sa'an nan ta buɗe baki. Cikin 'ya'yanta shi kaɗai aka yi wa bille, domin waɗanda ta haifa kafin shi ba su zauna ba, aka tsaga masa don ya tsaya. Ko da bijimin ya ji masa rauni, yatsanta yakan tsallake tabon ya sami billen.

Na ce, “Me ya hana ka faɗa mini tun ranar farko?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ka yi karatun abin. Ina ni ina gyara maka aiki? Na ce a raina wataƙila ta gane ni ta wari.”

“Yanzu wa ke ba ta abinci?”

“Maiɗakina ta bar ƙanwarta a kanta. Tun jiya ruwa kawai ta sha.”

Na tsaya ina duban shuɗin layukan da na zana. Layuka ne masu kyau, ban taɓa tsara waɗanda suka fi su ba. Na ce wa Sista ta ba ni auduga da sifirit, na goge su da hannuna. Da ɗalibaina suka ji an koma dashen fata daga bayan kunne, babban cikinsu ya matso ya ce a hankali, “Malam, facin zai fito fa.” Na ce, “Zai fito. Ku kuma ku buɗe ido, domin yau za ku ga yadda ake kewaye abu ba a taɓa shi ba.”

Aikin bai kai awa biyu ba. Na saki tabon, fatar idon ta koma mazauninta, na dasa facin, na ɗinke. Tsakanin ɗinkina na ƙasa da kan billen bai fi faɗin ƙwayar gero biyu ba. A nan ne na dubi tsagar da kyau, irin duban da ban taɓa yi wa zane ba. Wanzamin da ya yi ta ya ja ta ne sau ɗaya, zurfinta ɗaya daga farko har ƙarshe, a fuskar jariri mai motsi, ba allurar kashe zafi, ba fitila. Na san irin hannun da ke yin haka, domin a gabansa na girma.

Sauran damuwar ita ce kwanaki. Facin yana bukatar a ɗaure shi kwana biyar ba motsi, kuncin kuma ya kumbura har billen ya shafe, ko ni da ƙyar nake jin sa a ƙarƙashin yatsa. Kullum matarsa takan buga waya gida, kullum amsar ɗaya ce: tsohuwa ta kurɓi kunu sau biyu ta tofar, tana kiran sunan ɗanta. A rana ta huɗu aka ce ta daina tashi zaune. Dillalin ya roƙe ni in sallame shi. Na ƙi, domin idan facin ya mutu an yi aikin banza, amma na san abin da nake sa wa a ma'auni, kuma abinci bai yi mini daɗi ba a kwanakin nan.

Rana ta shida na kwance ɗaurin. Facin ya kama, idon ya rufu ruf. Kumburin ya sauka, amma bai gama ba. Na ce a fito da motata, ni zan kai shi Babura da kaina. Sista ta ce ba za a bar ta a baya ba, ita ta fara maganar, ita za ta ga ƙarshenta.

Mun isa da hantsi. Tsohuwar tana kwance a kan tabarma a rumfar tsakar gida, ƙanƙanuwa kamar yarinya. Aka dama fura aka kawo. Dillalin ya durƙusa, ya tallafo ta, ya kamo hannunta ya ɗora a fuskarsa. Yatsunta suka fara sauka a kan facin. Ta tsaya. Ta ja hannun baya, ta kawar da kai. Sai ta sake miƙo hannun da kanta, ta wuce facin, ta gangara. Na ga yatsanta ya sami kan tsagar, ya bi ta a hankali har ƙasa, ya koma sama ya sake bi.

Ta ce, “Ja'iri. Ina ka shiga ka bar ni da mutanen nan?”

Ya ce, “Kasuwa na je, Inna,” ko da yake ba ta jin sa. Ya ɗebo fura a ludayi, ta buɗe baki. Na ƙirga ludayi bakwai kafin in daina ƙirgawa. Matarsa ta juya ta shige ɗaki. Sista ta ce, “Mun gode Allah,” ta zauna a kan turmi kamar wadda ta sauke kaya. Ni ma na nemi kujera na zauna.

Da za mu tafi dillalin ya nace sai na gaisa da ita. Na durƙusa, ya ɗora hannunta a fuskata. Ta shafa kuncina na dama, ta shafa na hagu, ta bi gefen bakina inda tsagar mahaifina take a da. Ba ta sami kome ba, malamina na Ingila ya iya aikinsa.

Ta ce, “Wannan kuma ɗan gidan wa ne? Fuska sumul, ba a san inda za a mayar da shi ba idan ya ɓata.”

Sista ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Baba likita, sai ka ba ta amsa.” Na ce wa dillalin, idan akwai hanyar da zai sanar da ita, ya gaya mata ɗan wanzamin Roni ne.

Dillalin yakan biyo ta gidana idan ya shigo Kazaure. Facin yana nan, ya ɗan fi sauran fuskar duhu, ana hango shi tun daga ƙofar zaure. Shi ne aikina guda ɗaya da kowa ke gane inda wuƙata ta bi. Tsohuwar ta ƙara shekara biyu a duniya, kuma har ranar da ta cika daga hannunsa take ci.