Kankanar da Na Ba Uwar Mijin 'Yata

Na tsufa ina sayar da kankana a kasuwar Haɗeja, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba. In na ƙwanƙwasa ta da yatsa na kasa kunne, na san abin da ke cikinta. Sau ɗaya tak na miƙa wa mutum ruɓaɓɓiya ina sane, kuma har gobe ban yi nadama ba.

'Yata ta fari tana aure a Auyo. Ciwon kai ya sa ta gaba, ƙwarya ta fara suɓuce mata, wata rana tana turara shinkafa ta yanke jiki ta faɗi gefen murhu. Uwar mijinta ta bi gida-gida tana cewa ƙarya ce, ragwanci ne irin na 'ya'yan birni. Ta sa aka ɗoro ta a babur, aka sauke mini ita a ƙofar gida kamar buhun ƙaiƙayi. Yarinyar nan ciwon bai ci ranta kamar sunan maƙaryaciya ba.

Muka yi ta yawo har wani babban asibiti mai nisa. Likita ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, kuma kafin su taɓa ta sai sun san taurinsa. Mai laushi ana iya zuƙe shi, mai tauri sai an sha fama. Na tambaye shi yaya za su sani ba su fasa ba. Ya ce za su sa mata wani matashi mai girgiza a ƙarƙashin kai, su tura ta cikin na'ura, na'urar ta ga yadda girgizar ke ratsa naman.

"Ɗana, ai wannan sana'ata ce," na ce masa. Ya yi dariya, ya ce kusan haka ne.

Mai laushi ne. Aka yi aiki, Allah ya tashi kafaɗarta. Na roƙi hoton ƙarin da na'urar ta ɗauka, na naɗe a zane.

Da labari ya kai Auyo, sai ga uwar mijin ta zo biko, da goro da 'yan rakiya biyu. Na shimfiɗa musu tabarma, na baje hoton a gabansu.

"Hajiya, ga ragwancin nan, an ɗauko hotonsa. Matso ki duba."

Ta ce ita ai ba ta sani ba, a yi haƙuri. Na ce yadda ta bi gida-gida ta ɓata, haka za ta bi gida-gida ta wanke, sannan a yi zancen komawa. Na tura mata goronta.

Amma baƙo ba ya barin gidana hannu rabbana. Na shiga zaure inda nake ajiye kankana na yi ta ƙwanƙwasa, har na sami wata ƙatuwa mai sheƙi wadda ta amsa mini da muryar da nake nema. Hajiya ta rungume ta tana godiya. An ce a gaban maƙwabta ta yanka.

'Yata tana ɗakina, gashinta ya tsiro. Hajiya kuwa na ji ta shiga gida bakwai tana wanke sunan yarinyar. Auyo da girma, ni kuma ba na sauri.