Kwaɗon Zogale a Ƙaramar Langa

A shekarun da kwanon gero ya gagari mutane, ina koyarwa a wata firamare a wani ƙauye kusa da Bici. Makarantar ba murhu, ba mai tallar abinci, sai randa guda. Kullum matata kan zuba min kwaɗon zogale da ƙuli a ƙaramar langa, tunda shi ba ya neman ɗumi, in ɗaure a bayan keke.

Gabana ba ya faɗuwa sai na zo buɗe langar. Ba a cin abinci a gaban mutum ba a yi masa bismilla ba, abin kuwa duka bai fi loma shida ba. Sai in faɗa ƙasa-ƙasa, ina fatan a ce alhamdu lillahi a wuce.

Ran nan hedimasta, dattijon da ya koyar da ni, ya leƙo ajina. Na ce, "Malam, bismilla." Ya daɗe yana kallon langar, sannan ya wanke hannu ya zauna.

Loma biyu ya yi ya tsame hannu, sai a lokacin na gane shi ma yunwa yake ji. Tun daga ranar na daina yin bismillar da ba a ji.