Herr Kaczmarek, Mai Wasiƙun Layinmu

Kullum da hantsi, ko ruwa ko ƙanƙara, za ka ji ƙarar kekensa a layinmu na Gelsenkirchen. Herr Detlef Kaczmarek ke nan, mai raba wasiƙu. Jiya na ji wai Asabar zai ajiye aiki, kuma babu wanda ya shirya masa ko kofin shayi. Wallahi sai da na nemi wurin zama!

Ni Gülizar Aktaş ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubuta wannan, ni ke faɗa. Rabin rayuwata ina goge benen wani kamfani, ranar da na faɗi na karya ƙugu suka sallame ni kamar tsumma. Na kai su kotu. Daga nan na koma gidan 'yata Nurten, na zauna jiran takardar ranar zama. Shiru.

Ashe sunana ne babu a akwatin wasiƙu, sai Demirhan, sunan surukina. A nan kuwa mai wasiƙa suna yake bi. In bai gan shi ba, takarda ta koma inda ta fito. In ba ka halarci zama ba, shari'arka na iya rushewa.

Da takardar ta zo, bawan Allahn nan bai mayar ba. Mai shagon kan kwana shaida ce, ƙofa-ƙofa ya bi yana danna ƙararrawa, har ya hau bene na huɗu yana haki.

"Ke ce Frau Aktaş? Kin fi kuɗin fansho wuyar samu!"

"Wa ya ɓoye? Ga ni nan, ƙugu a karye!"

"Kotu ce. Jibi ne zamanku."

Jibi! Da ya mayar da ita fa? Shi ke nan, sun ci bulus.

Bai tafi ba. Ya nuna mini yadda ake jerawa: sunana a sama, ƙarƙashinsa a rubuta ina gidan Demirhan, sannan titi, sannan lambar gida. Ya ce duk ofishin da na shiga in tura musu takarda in ce, "Stimmt die Adresse so?" Wato, adireshin nan daidai yake a haka?

Na gwada, harshena ya harɗe.

"Sake, Frau Aktaş. Ba zagi ba ne, tambaya ce."

"Ni duk maganata haka take fita!"

Na je kotu na faɗa wa magatakarda da ƙarfi, har ta zabura ta gyara nan take. Shari'a tana nan, kuma ban janye ba. Kamfanin nan su ji da kyau.

Herr Kaczmarek, kai ne ka hau benen da ba dolenka ba. Kai ne ka koya wa tsohuwa abin da masu ofis suka kasa buɗe baki su faɗa mata. Na gode, Allah ya hutar da gwiwoyinka.

Ku kuma 'yan layi, ba ku ji kunya ba? Asabar kowa ya fito bakin ƙofa. Matasan da za su gaje shi, ku danna ƙararrawa kafin ku mayar da takardar mutum.

Ɗazu na tare shi, na ce zan riƙa aika masa burek, gashin fulawa irin na ƙasarmu. Na zana adireshinsa da hannuna, na miƙa.

"Stimmt die Adresse so?"

Ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Daidai yake, Frau Aktaş. Zai iso."